Pop!_OS da katin NVIDIA: Yabon gwani ya zama dole

Wanda bai taɓa zuba wa baƙin allo ido ba bayan ya gama girka Linux a kan kwamfuta mai katin NVIDIA, da wuya ya gane dalilin wannan zumuɗi nawa. To bari in faɗi tun da wuri: abin da kamfanin System76 ya yi da babbar manhajarsa ta Pop!_OS ya burge ni matuƙa, kuma ba ni da niyyar rage muryata. Ka shiga shafinsu na sauke manhajar, sai ka tarar da zaɓi a fili: ga fayil na masu katin Intel ko AMD, ga kuma wani daban da aka rubuta masa NVIDIA ɓaro-ɓaro. Wannan na biyun direban katin na cikinsa, a ɗaure, a shirye. Shi ke nan fa dabarar. Amma kai jama'a, irin wahalar da wannan 'yar dabara ta kashe!

Katin hoto ba ya aiki sai da direba, wato ƙaramar manhajar da ke isar da saƙo tsakanin katin da babbar manhaja. Intel ta daɗe da buɗe nata, AMD ma ta bi sahu da amdgpu tun wajajen 2015, shi ya sa katunansu ke tashi salin-alin a Linux. NVIDIA kuwa ta riƙe nata a rufe shekara da shekaru, mallakarta ita kaɗai, ba mai leƙawa balle ya gyara. Zuciyar Linux kuma, wadda masana ke kira kanel, tana ƙarƙashin lasisin GPL ne, kuma tana sauyawa a kai a kai. Don haka yawancin masu haɗa Linux suka ƙi sanya rufaffen direba a cikin kayan girkinsu, wasu don gudun rikicin lasisi, wasu don aƙida tsantsa. Sai wasu 'yan sa-kai suka duƙufa suka haɗa buɗaɗɗen direba mai suna Nouveau ta hanyar nazarin yadda katin ke aiki, akasari ba da taimakon kamfanin ba. Allah ya saka musu, sun yi namijin ƙoƙari. Amma tun daga katunan jerin GTX 900, NVIDIA ta fara buƙatar sa hannunta a kan manhajar cikin katin, Nouveau ya kasa ɗaga gudun katin zuwa ƙarfinsa. Ka sayi ingarman doki, ya koma yi maka tafiyar jaki.

Haushin abin ya kai har ga Linus Torvalds kansa, wanda ya ƙirƙiri Linux. A watan Yunin 2012, a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland, wata mata ta yi masa ƙorafi kan laftof ɗinta mai kati biyu da fasahar Optimus ta NVIDIA, da ta ƙi aiki da kyau a Linux. Mutumin ya ce NVIDIA ce kamfani mafi muni da suka taɓa hulɗa da shi, sannan ya juya ga kyamara ya yi musu daƙuwa irin ta Turawa. Hoton nan har gobe yana yawo.

Tsohuwar hanyar girka direban kuwa azaba ce zalla. Ka sauko da fayil mai ƙarewa da .run daga shafin NVIDIA. Ka rubuta sunan Nouveau a jerin waɗanda aka hana tashi. Ka danna Ctrl da Alt da F3 ka faɗa baƙar tagar da babu komai sai rubutu, ka kashe manhajar da ke zana fuskar kwamfutar, ka tabbatar akwai kayan haɗa direban da kanel, sannan ka ce bismillah. In an dace ya hau. Bayan ɗan lokaci sabon kanel ya sauka, ka sake kunna na'ura, sai ga allo baƙi ƙirin, ko kuma ka yi ta zuba kalmar sirri tana dawo da kai bakin ƙofa. Wasu ma ba sa kaiwa nan, domin manhajar girkin ce ke daskarewa tun farko, sai an koya wa mutum ya ƙara kalmar nomodeset a layin tashi. Sabon shiga da ya baro Windows jiya, ina shi ina wannan? Tattara nasa-ya-nasa yake yi ya koma inda ya fito, ya kuma riƙa faɗa wa kowa cewa Linux ba ta aiki.

Yanzu ga yadda abin yake a Pop!_OS. Ka ɗora fayil ɗin NVIDIA a kan filash, ka soka, ka tayar da kwamfutar daga kansa. Tun kafin ka girka komai, tun kana cikin zaman gwaji, direban NVIDIA na asali ne ke riƙe da allon. Rubutu ya fito tas, girman allo daidai, linzami na tafiya sumul, allo na biyu in ka jona shi ya kama. Ni abin da na fi so in yi a wannan gaɓar shi ne in buɗe tagar umarni in rubuta nvidia-smi. Nan take jadawali ya bayyana: sunan katin, lambar direban, zafin katin, yawan wutar da yake ja, da adadin ma'adanar da ke aiki. A kan filash fa, hadis ɗinka, wato ma'ajiyar kwamfutarka, ba a taɓa shi ba tukuna! Wallahi duk sanda na ga jadawalin nan sai na yi murmushi ni kaɗai.

Nan ne hikimar take, kuma nan nake so masu karatu su tsaya. Abin da ka gani a gwaji shi za ka samu bayan girki. Babu caca. In katinka zai yi gardama, tun yanzu zai nuna hali, ka zare filash ɗinka ka yi gaba, tsohuwar manhajarka na nan lafiya lau. In kuwa ya yi kyau, sai ka zaɓi harshe, ka zaɓi tsarin madannai, ka nuna hadis, manhajar girkin ta tambaye ka ko kana son ta kulle shi da kalmar sirri, ka ba ta 'yan mintoci. Ba za ta tambaye ka komai game da direba ba, domin an gama wannan maganar tun a shafin saukewa. Kuma ba ta buƙatar intanet a lokacin girki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke lissafin datarsa da megabait, ko wanda sabis ke yanke masa a tsakiyar aiki. Mutum ɗaya ya sauke, filash ɗaya ya zagaya abokai.

System76 kamfani ne da ke birnin Denver a jihar Colorado ta Amurka, Carl Richell ne ya jagoranci kafa shi a 2005, kuma sana'arsa sayar da kwamfutoci masu Linux. A 2017 suka fito da Pop!_OS, wadda suka gina a kan Ubuntu. Ina ganin sirrin ke nan. Su da kansu suke sayar da laftof masu katin NVIDIA, don haka in allo ya yi baƙi, wayarsu ce za ta yi ƙara. Mai amsa kiran kwastoma da kansa ba ya wasa da direba.

Sai kuma maganar laftof masu kati biyu, irin wanda matar Aalto ta koka a kai. Pop!_OS ta zo da zaɓi huɗu ta hannun manhajar system76-power: ƙaramin katin kaɗai don batir ya daɗe, NVIDIA kaɗai don aiki mai nauyi, gauraye inda babban katin ke barci sai an tashe shi, da kuma na lissafi inda ƙaramin ke riƙe da allo, babban yana can yana niƙa aikin CUDA, fasahar lissafi ta NVIDIA. Ka zaɓa, ka sake kunnawa, an wuce wurin. Waɗanda suka yi fama da manhajar sauya kati ta Bumblebee a da za su san cewa wannan gata ne. Manhajar zane ta Blender ta ga katin, ta ɗaukar bidiyo OBS ta samu fasahar NVENC ta katin, wasannin Steam su hau ta Proton da Valve ta kawo a 2018. Tubarkalla! In kuma sabon kanel ya zo da tsiya, ka riƙe madannin tazara yayin tashi, jeri ya fito, ka zaɓi tsohon kanel ka ci gaba da harkarka.

Kada a ce son kai ya rufe mini ido. Ubuntu ma ta farga, daga fitowar 19.10 a watan Oktoban 2019 ta fara sanya direbobin NVIDIA a cikin fayil ɗin girkinta, sai dai ka tuna ka duba akwatin nan na manhajojin wasu kamfanoni. Manjaro na ba ka zaɓin tashi da rufaffen direba tun a jerin farko, Linux Mint na da manajan direbobi mai sauƙin kai bayan girki. A wuri ɗaya ma Ubuntu ta sha gaban gwanata: Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, na sa hannu a kan direban, don haka yana aiki ko da tsarin tsaro na Secure Boot na kunne, alhali a Pop!_OS sai ka shiga saitin BIOS ka kashe shi tukuna. Wannan na ci mini tuwo a ƙwarya, musamman ga mai son ajiye Windows 11 a gefe. Amma akwatin da ake iya mantawa da shi daban, fayil mai sunan katinka a goshi daban. Ni dai na biyun nake yi.

Ita ma NVIDIA ta sassauto. A watan Mayun 2022 ta buɗe ɓangaren direbanta da ke shiga kanel, ga katunan zamanin Turing zuwa sama, wato jerin GTX 16 da RTX 20 da na bayansu, kuma daga direba mai lamba 560 a 2024 wannan buɗaɗɗen ɓangaren ya zama shi ne na gaba-gaba. Sauran ɓangarorin, irin su CUDA da OpenGL da Vulkan, suna nan a rufe, don haka har yanzu ana buƙatar wanda zai ɗaure kayan ya miƙo maka a shirye.

Gargaɗi ɗaya ga masu tsofaffin kwamfutoci na hannu, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwanninmu. Fayil ɗin NVIDIA na Pop!_OS sabon direba yake ɗauke da shi, kuma sabon direba ba ya waiwayar kowane tsohon kati. Katunan zamanin Kepler, irin yawancin GTX 600 da 700 na kwamfutar tebur, sun tsaya ne a direba 470, na zamanin Maxwell da Pascal kuma 580 ne zangonsu na ƙarshe. Saboda haka ka fara duba sunan katinka ka gwada shi da abin da aka rubuta a shafin saukewa. In tsoho ne, ɗauki fayil ɗin gama-gari, wato na Intel ko AMD, ka ɗora direban da ya dace da shi daga baya. In kuwa RTX ce a cikin na'urarka, malam, me kake jira? Nemo filash mai gigabait 8.