Busby Berkeley, gwanin da ya leƙo rawa daga sama

Da fim ya fara magana a ƙarshen shekarun 1920, kyamara ce ta ji jiki. Ƙararta na shiga makirufo, sai aka kulle ta a wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, ta kafe wuri guda. Masu rawa su jeru a gabanta, a ɗauka, shi ke nan. Kafin 1931 ta ƙare, 'yan kallo a Amurka sun ƙosa da finafinan waƙa.

Fim ɗin "42nd Street" na kamfanin Warner Bros. ne ya farfaɗo da kasuwar a 1933. Labarinsa na bayan fage ne: wani mai shirya wasa a Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, ga ciwo ga karayar arziki, ya ɗora duk burinsa a kan wasa ɗaya. Ana gab da buɗewa tauraruwarsa ta karye a ƙafa, aka ɗauko sabuwar yarinya daga sahun masu rawa, wadda Ruby Keeler ta fito a matsayinta. Lloyd Bacon ne ya ba da umarni, amma raye-rayen da suka rufe fim ɗin aikin Busby Berkeley ne.

Berkeley bai taɓa zama a makarantar rawa ba. A Faransa ya goge, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, inda yake tsara wa sojoji fareti. Daga can ya iya lissafin taku: mutum nawa, taku nawa, a ƙirga na nawa za su juya. Rawar mutum ɗaya ba ta dame shi sosai ba. Siffar da taro zai zana ita ce a gabansa.

A lokacin da ake ɗaukar "42nd Street" an riga an gano dabarar naɗar waƙa tukuna, a kunna ta yayin ɗauka, don haka kyamara ta samu sakewa. Wasu na kafa kyamarori huɗu su zaɓa daga baya. Berkeley kuwa guda ɗaya tak yake amfani da ita, domin ya gama ƙera kowane hoto a ransa kafin a kunna fitila. Ya ɗora masu rawa a kan dandamali mai juyawa, ya haye da kyamara can sama, har rufin ɗakin ɗauka yakan sa a huda. Daga nan hannuwa da ƙafafu sai su zama fure mai buɗewa yana rufewa. Mutum ɗaya ya makara da rabin taku, zanen ya ɓaci.

Abin sha'awa, 'yan kallon da ke cikin labarin, zaune a kujerunsu, ba yadda za a yi su ga wannan. Domin mai kallon majigi kaɗai aka yi shi. A rawar ƙarshe masu rawa suka hau matakala, kowa riƙe da allo, suka juya gaba ɗaya, sai ga dogayen benayen birnin New York sun tsaya a inda mutane suke.