Facin layi biyu: al'adar gyaran memori a zuciyar Linux

Cikin dubban gyare-gyaren da ke shiga zuciyar Linux duk bayan mako tara ko goma, akwai wani nau'i da ba a yi masa shela. Faci ne na layi biyu ko uku, bayaninsa kuma kusan ɗaya ne kullum: direban na'ura kaza ya karɓi memori, wani abu ya gaza, bai mayar ba. Tun da Linus Torvalds ya fara aikin a 1991, da harshen C ake rubuta shi, harshen da ba ya share wa mai rubutu bayansa. Abin da ka ara, kai za ka mayar da hannunka. Mafi yawan rubutun kuma na direbobi ne, ciki har da masu tafiyar da kyamara da allon wayar Android da ke aljihunka.

Mu duba inda ɓarakar take aukuwa. Idan aka jona na'ura, direbanta zai nemi wuri da kmalloc, ya kunna agogon na'urar, sannan ya nemi layin da na'urar za ta riƙa kiransa. To, idan na ukun ya ƙi samuwa fa? Dole ya kashe agogon, ya saki memorin da kfree, daga na ƙarshe zuwa na farko. Shi ya sa ƙasan irin wannan rubutu ke cike da alamomi a jere kamar matakala, kowace gazawa da matakin da za ta dira ta umarnin goto. Wanda ya dira ƙasa da inda ya kamata, ya bar memori a hannu har a kashe kwamfuta. Wanda ya dira sama, ya saki abin da bai karɓa ba, ko ya saki abu ɗaya sau biyu. Kuma wannan hanya ba a cika bin ta ba, domin a kwamfutar mai rubutun komai yakan samu lafiya lau. Kuskure sai ya kwanta shekaru ba wanda ya taka shi.

Memorin na'ura ya fi haka wuyar sha'ani. Katin sadarwa ko na faifai yana rubutu kai tsaye cikin memori ba tare da ya bi ta kan injin sarrafawa ba. Tsofaffin katunan ISA ba sa ganin abin da ya wuce megabait 16 na farko, wasu na baya kuma iyakarsu gigabait 4. Mafi muni shi ne direba ya saki wuri alhali na'urar ba ta daina zuba bayanai a ciki ba. Wurin ya koma hannun wani shiri, ɓarnar ta bayyana can nesa, a zargi wanda bai ji ba bai gani ba.

An yi ta neman magani. A 2007 Tejun Heo ya kawo tsarin da ke mayar da komai da kansa idan direba ya rabu da na'ura, wato ayyukan da sunansu ke farawa da devm. Ya rage matakalar sosai, amma ya zo da nasa ciwon: idan an cire na'ura alhali wani shiri yana riƙe da ita, memorin ya riga ya tafi, shirin kuma yana ci gaba da taɓa shi. Akwai kuma shirye-shirye masu farautar kurakurai: kmemleak a 2009, KASAN a 2015, Coccinelle na Julia Lawall, Smatch na Dan Carpenter, da syzbot na Google mai jefa wa tsarin umarni barkatai dare da rana.

A nan nake ganin raunin al'adar. Shirin bincike yana nuna inda ake zargi, bai san tsawon rayuwar abin da aka ara ba. Sabon shiga yakan ga gargaɗi, ya ƙara kfree ɗaya, ya tura, bai taɓa riƙe na'urar a hannunsa ba. Mai dubawa, da aiki ya yi masa yawa, ya ga layi biyu ne kawai, ya sa hannu. Ɗigar memori ƙarama sai ta zama ƙofar da mai kutse zai shiga. Abin da wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota suka gwada ke nan, suka ɓoye kuskure da gangan cikin irin wannan faci. A Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin masu kula da zuciyar Linux, ya rufe wa jami'ar ƙofa, aka sake tantance gyare-gyarenta na baya. Hanyar da suka bi cin amana ce, amma raunin da suka nuna gaskiya ne.

Harshen Rust, da ya shiga a fitowar 6.1 ta Disambar 2022, zai kama wasu kurakuran tun kafin a haɗa shirin. Sai dai miliyoyin layukan C suna nan, za su daɗe. Matashin da ke son shiga wannan aiki ta facin layi biyu, ƙofa a buɗe take, amma kafin ya tura ya tilasta wa direban gazawa da gangan, ya bi matakalar da idonsa, ya rubuta a bayaninsa wane ne ke riƙe da memorin kuma yaushe ya kamata ya sake shi.