Ben-Hur Na Da Da Ben-Hur Na Yanzu

A shekara ta 1880 wani tsohon janar na sojan Amurka mai suna Lew Wallace ya buga littafinsa Ben-Hur. Labari ne na wani ɗan babban gida, Bayahude, a Urushalima a zamanin Yesu Almasihu, wanda amininsa Barome ya ci amanarsa. Masu silima sun yi ta komawa kan wannan labari. An yi shi a 1925, lokacin da hotunan silima ba sa magana. William Wyler ya sake yin sa a 1959, shi ne wanda yawancin mutane suka sani. Sa'an nan Timur Bekmambetov ya fito da nasa a 2016. Saboda haka masu cewa haramun ne a taɓa tsohon fim su tuna cewa na 1959 ɗin ma maimaici ne. Wyler kansa yana cikin mataimakan da suka yi aikin tseren karusai a na 1925.

Na 1959 ya ci kuɗi wajen dala miliyan 15, ya kuɓutar da kamfanin MGM daga karyewa, ya kuma sami lambar yabo ta Oscar har 11. Na 2016 an kashe masa wajen dala miliyan 100, bai ko mayar da uwar kuɗi ba a gidajen silima. Amma kasuwa ba alƙali ba ce. Abin dubawa shi ne yadda kowannensu ya riƙe labarin, musamman maganar ramuwa da gafara, wadda ita ce ƙashin bayansa.

Komai ya rataya a kan laifin da aka ɗora wa Yahuza Ben-Hur. A fim ɗin Wyler, Yahuza da ƙanwarsa Tirza suna kan soro suna kallon sabon gwamna yana shiga gari, sai wani guntun rufi ya suɓuce ya faɗo, dokin gwamna ya firgita ya kā da shi. Mesala ya hau soron shi kaɗai, ya taɓa rufin, ya ga lalle a kwance yake. Ya san tsautsayi ne. Duk da haka ya aika da abokin ƙuruciyarsa bauta cikin jirgin yaƙi, ya jefa uwarsa da ƙanwarsa kurkuku, don mutanen Yahudiya su ji tsoronsa. Ɗan wannan lokaci da ya yi a kan soro, ba magana, shi ya sa mugunta ta zama zaɓinsa. A fim ɗin 2016 kuwa an mai da Mesala ɗan riƙo a gidan su Yahuza. Wani saurayi ɗan tawaye da Yahuza ya ɓoye shi ne ya yi yunƙurin kashe Bilatus da kibiya daga saman gidan. To, a nan akwai laifi na gaske, kuma manyan Mesala suna matsa masa. An yi haka don mai kallo ya tausaya masa. An kuwa tausaya, sai dai an rage nauyin abin da za a yafe a ƙarshe. Wanda aka tilasta wa aikata abu da wanda ya zaɓa da idonsa biyu, ba ɗaya ba ne wajen mai gafara.

Fim ɗin Wyler ya kai minti 212, wato sama da awa uku da rabi. Na baya bai fi awa biyu da ƴan mintoci ba. Mutane da yawa sun koka da tsawon na farkon, kuma da gaskiyarsu a wasu wurare. Hirar Yahuza da Esta tana jan ƙafa, Charlton Heston ma wani lokaci kamar gunki yake tsayawa. Amma tsawon nan yana da amfaninsa. Ƙiyayya tana bukatar lokaci kafin ta nuna. Mai kallo yana zaune tare da bayin nan a cikin jirgi, makaɗi yana ƙara saurin ganga, jagoran rundunar, Kwintus Ariyus, yana zuba wa bawa mai lamba 41 ido, ya gane ƙiyayya ce ke riƙe da ransa. Daga baya Yahuza ya ceci Ariyus daga nutsewa, shi kuma ya kai shi Roma ya mai da shi ɗansa. Wannan muhimmin abu ne: Yahuza ya sami dukiya da suna da zaman lafiya, ya bar su duka ya koma gida neman jini. Fim ɗin 2016 ya yanke zuwa Roma gaba ɗaya. Jirgi ya nutse, ruwa ya kai Yahuza gaɓa, Shaihu Ilderim ya tsince shi. Mutumin da ba shi da komai, in ya nemi ramuwa, ba abin mamaki ba ne.

Sai dai a yi wa sabon adalci. Yaƙin teku nasa ya fi na da. Wyler ya yi amfani da ƙananan jirage a cikin tafki, kuma ido na yau yana gane su. Bekmambetov ya tsare mai kallo a cikin jirgin tare da bayi, ba ya ganin komai sai abin da ake hangowa ta ramin filafili, har hancin jirgin abokan gāba ya fasa bango ya shigo. Haka kuma Ilderim. A 1959 an shafa wa Hugh Griffith, mutumin Wales, launi a fuska ya fito a Balarabe mai barkwanci, har ya sami Oscar a kan haka. Abin ba ya kallo da daɗi yanzu. Morgan Freeman ya fito da dattijo mai mutunci, ko da yake an cika masa baki da wa'azi.

Tseren karusai kuwa ba a haɗa su. Na Wyler ya ɗauki wajen minti tara, ba kiɗa ko kaɗan, sai ƙarar kofato da bulala da ihun taro. An gina filin a Cinecittà kusa da Roma. Na'urar ɗaukar hoto tana ja da baya ta nuna fili duka, don haka kowane lokaci mai kallo ya san ina fararen dawakin Yahuza huɗu suke, ina baƙaƙen Mesala, zagaye nawa ya rage. Wurin da karusar Yahuza ta yi tsalle a kan tarkacen wata, direban ya wuntsila ta gaba, hatsari ne na gaske da ya sami Joe Canutt, aka bar shi a fim. Na 2016 ma an yi amfani da dawaki na ainihi, amma an yayyanka hoton gutsi-gutsi, an cika da ƙura da aikin kwamfuta, ga Ilderim yana ta ihun umarni daga gefe. Ido yana gajiya kafin zuciya ta soma bugawa.

Babban bambanci yana wajen Yesu. Tun da aka kai labarin dandalin wasan kwaikwayo a New York a 1899, da hasken fitila aka nuna Almasihu, ba da mutum ba. Wyler, wanda shi Bayahude ne, ya bi wannan sawu. Ba a ganin fuskar Yesu, ba a jin muryarsa. A Nazarat, bayi a ɗaure sun faɗi da ƙishi, an hana Yahuza ruwa, sai hannu ya miƙo masa. Sojan Roma ya taso da bulala, ya tsaya gaban mutumin da ake gani ta baya kawai, ya dube shi, fuskarsa ta sake, ya juya a kunyace. A fuskar sojan nan ake ganin ko wane ne. (Moustapha Akkad ya yi irin wannan dabara a fim ɗinsa The Message na 1976, inda bai nuna Annabi Muhammadu ba, don haka maƙwabci Musulmi zai iya zama ya kalli Ben-Hur na da ba tare da ya kau da kai ba.) A 2016 Rodrigo Santoro ne ya fito a Yesu, ana ganinsa yana sassaƙa a Urushalima, yana faɗin maganganun Bishara ga masu wucewa. Nuna fuskar ba laifi ba ne a kansa. Fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka juya da Hausa aka yi ta haskawa da majigi a ƙauyuka, ya nuna ta. Amma can labarin na Yesu ne daga farko har ƙarshe. A nan kuwa ya zama ɗaya daga cikin ƴan wasa, yana shigowa ya faɗi aya ya fita.

Ƙarshen labarin shi ne inda sabon fim ya yi niyya mai kyau. Wyler ya kashe Mesala bayan tsere, yana kwance a farfashe, da sauran numfashinsa ya gaya wa Yahuza ya nemi uwarsa da ƙanwarsa a kwarin kutare. Nasara ta zama toka a bakin Yahuza. Sai da ya tsaya a gindin gicciye ya ji Yesu yana roƙa wa masu kashe shi gafara, sa'an nan fushin ya sake shi. Amma wanda zai yafe wa ya riga ya mutu, kuma wannan giɓi ne na gaske. Ko a littafin Wallace, Mesala bai mutu a tseren ba, ya nakasa ne. Masu fim ɗin 2016 sun ga giɓin, suka bar Mesala da rai, ƙafa ɗaya a yanke. Yahuza ya same shi, Mesala yana riƙe da wuƙa, suka rungume juna da kuka. Nan da ƴan mintoci uwa da ƙanwa, waɗanda suka yi shekaru a kurkuku da kuturta saboda shi, su ma sun karɓe shi. Ba a ji ya furta abin da ya yi musu dalla-dalla ba, ba a ga sun yi kokawa da zuciyarsu ba. Sai ga su duka a kan dawaki suna barin gari tare da ayarin Ilderim, waƙar zamani tana tashi.