Laifin Keke Ne Ko Laifin Tela? Sharhi A Kan Bargunan Da Ake Ɗinkawa A Unguwarmu



Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, bukukuwan aure sun kankama, ga sanyi yana ƙwanƙwasa ƙofa. A irin wannan lokaci ne telolinmu suke samun aikin barguna masu ciko, da zanen gado mai soso, da shimfiɗar jarirai, da dardumar salla mai taushi. Ni da nake zaune a kasuwa ina sayar da yadi da zare, kayan nan ta gabana suke wucewa, suna fita sababbi, wasu kuma su dawo da ƙorafi. Abin da na gani a bana shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba don in tozarta kowa ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Aikin da nake magana a kai shi ne a haɗa yadi biyu, a sa auduga ko soso ko faiba a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi har su zama abu ɗaya. Yaran yanzu suna zaton daga Turai aka kawo mana shi. Ina! Wannan ai ɗinkin lifidi ne. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Da hannu kakanninmu suke cusa auduga a tsakanin ƙyalle, su ɗinke ta tamau yadda kibiya ba ta ratsawa cikin sauƙi, su sa wa doki su sa wa mahayi. Wannan gari da Umaru Nagwamatse ya kafa, a bayan doki aka kafa shi, kuma har gobe ana ganin 'yan lifida a hawan salla a masarautun Arewa. To, mutanen da suka ɗinka abin da ya tare kibiya da allurar hannu, yaya jikokinsu masu keke za su kasa ɗinka abin da zai jure wanki uku?

Ga abin da nake gani a yawancin bargunan bana. Ta sama sumul, amma ka juya bayansu, sai ka tarar yadin ya tattare kamar goshin mai fushi. Layukan ɗinkin sun tashi a jere, kafin su kai ƙarshe wani ya yi gabas wani ya yi yamma. Wani wurin allura ta yi tsallake, ka sa farce ka ja, zare ya biyo ka. Mafi muni shi ne wanda aka yi wa layi huɗu ko biyar kacal a faɗin gado guda. Ranar da aka wanke shi, cikon ya dunƙule ya gangara kusurwa ɗaya, tsakiya ta zama fanko. Uba ya sayar da buhunan masararsa ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, kafin amarya ta yi wata uku abin ya koma shimfiɗar kaji. Wallahi akwai ban tausayi.

Gaskiya kuma a faɗe ta, akwai aiki mai kyau a unguwar nan, kuma mafi yawansa daga cikin gidaje yake fitowa. Na riƙe shimfiɗar jarirai da wata baiwar Allah ta ɗinka da ragowar atamfa, layukanta a miƙe, tazararsu ɗaya, gaba da baya ba ka bambancewa. Da na tambaya, aka ce da tsohon Butterfly na mahaifiyarta ta yi. Wannan shi ya rushe mini uzurin da teloli suka fi kawowa.

Uzurin kuwa shi ne: "Malam, keken ne ya tsufa. Sai mun sami babba mai lantarki." Mu duba maganar nan da adalci. Babban keke mai mota ya fi sauri, kuma ya fi ƙarfin huda abu mai kauri, babu musu. Amma wuta yake ci. Kowa ya san yadda wuta take a gari, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai an yi lissafi. Keken ƙafa kuwa tuwon da ka ci shi ne fetur ɗinsa. Sannan babban keken ma, in aka ba shi irin riƙon da ake yi wa ƙaramin, irin wannan aikin zai fitar, sai dai ya ɓata shi da sauri.

Baƙin keken nan da muke rainawa yana da asali. Kamfanin Singer ya fara a Amurka a 1851, kuma a 1879 ya fito da samfurin da daga baya aka san shi da lamba 15. A kan tsarinsa aka ƙera Butterfly na birnin Shanghai a ƙasar Sin, da irin su Usha na Indiya. Shi ya sa kwarkwaronsu da allurarsu suke shiga juna, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Ƙarfe ne zalla, babu roba a cikinsa da za ta narke, babu wani abin lantarki da zai ƙone. Masana'antar Singer da ke Clydebank a ƙasar Scotland an rufe ta tun 1980, amma kekunan da ta ƙera suna nan suna ɗinki a duniya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ke kashe keke a wurinmu abu uku ne: ƙura, da mugun mai, da allurar da ta mutu.

Ƙurar hunturu tana haɗuwa da burbushin auduga ta cika ƙarƙashin farantin allura. Ka kwance kusoshin nan biyu ka ɗaga farantin, za ka ga datti ya daskare a tsakanin haƙoran keken kamar tabarma. Haƙoran nan su ne ke jan yadi. In sun toshe, yaya za su ja bargo mai hawa uku? Tsohon buroshin goge baki ya isa wannan aiki. Mai ɗinkin ciko kullum ya kamata ya share, domin aikinsa ya fi kowane zubar da gashi. Haka gidan ƙoshiya, a buɗe shi a goge. In an tashi aiki a rufe kan keken, ko da tsohon zane ne.

Sai mai. Na ga masu zuba man gyaɗa, na ga masu zuba baƙin man babur. Haba jama'a! Man gyaɗa in ya kwana biyu danƙo yake zama, ya riƙe ƙarfe. Baƙin mai ya yi kauri, ga shi yana ɓata yadin mutane. Farin man keke shi ne nasa, ɗigo ɗaya a kowane rami, ɗigo ɗaya a inda ƙoshiya ke kai da komo, ka kwantar da kan ka ɗiga a gaɓoɓin ƙasa, kada ka manta da ƙafafun da ake takawa. In keke ya riga ya daskare, a wanke gaɓoɓin da kananzir, a juya shi har ya saki, a goge, sannan a sa mai. Kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai. Bayan an sa, a fara taka tsumma kafin a ɗora kayan mutane. Da damina kuma a kula da tsatsa. Bel in ya saki, a rage tsawonsa kaɗan a sake ɗaurewa, amma kada a ɗaure shi tamau har taku ya yi nauyi.

Allura kuwa, ita ce mafi araha a jikin keke, ita ce kuma aka fi yi wa rowa. Tela zai yi wata da allura ɗaya, sai ta karye zai canza. Allurar da ta dakushe ko ta lanƙwashe ita ke kawo tsallake, ita ke jan zaren yadi. Duk babban bargo a fara shi da sabuwa. Ga ciko matsakaici lamba 14 ko 16, ga mai kauri lamba 18. Sannan a lura, allurar ƙaramin keke gindinta yana da gefe ɗaya a shafe, ta babban keke kuwa gindinta zagayayye ne. Wanda ya cusa ta babba a ƙarami, ya sayi tsallake da kuɗinsa. In kuma ka ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, kada ka yi saurin taɓa kusar ƙoshiya. Galibi zaren sama ne bai zauna daidai ba. Ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ka zare shi, ka sake sawa daga farko.

Yanzu mu zo kan ƙafar, domin nan ne asalin tattarewar nan take. Ƙafar da keke ke zuwa da ita an yi ta ne don yadi biyu marasa kauri. In ka sa hawa uku, haƙora suna jan na ƙasa, ƙafa tana tokare na sama, soso yana zamewa a tsakiya. Kafin ka kai ƙarshen layi, na ƙasa ya riga na sama. Maganin farko kyauta ne: akwai kusa a saman kan keke, daidai bisa sandar ƙafar, ka sassauta ta don dannawar ta ragu. Ka kuma buɗe takun ɗinkin, kamar takwas zuwa goma a inci guda. Ɗinki ƙanana a kan ciko tsuke shi yake yi.

Wanda ya mai da wannan aiki sana'a, akwai abu uku da ya kamata ya nema. Na farko ƙafa mai tafiya, wadda take da nata haƙoran a sama, tana da ɗan hannu da ke hawa kan kusar allura. Duk sanda allura ta motsa, tana jan yadin sama daidai da yadda na ƙasa ke tafiya. Na biyu ɗan sandan awo, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake maƙalawa a bayan ƙafa, yana bin layin da ka gama, sabon layi ya fito da tazara ɗaya. Wanda bai samu ba, alli da doguwar rula sun wadatar, ƙiwuya ce kawai ke hanawa. Na uku ƙafa mai sifirin, ta yin zane mai lanƙwasa kamar fure ko ganye. Ita sai an saukar da haƙora ko an rufe su da faranti, hannunka ne ke tafiyar da yadin. Wannan sai wanda hannunsa ya faɗa. Mai koyo ya fara ƙwarewa a miƙaƙƙen layi tukuna.

Amma a yi hattara wajen saye, ko a nan ne ko an yi sautu Kano. Baƙin keke ƙafa mai gajeren wuya yake ɗauka, ta babban keke ba ta hawa kansa. Kuma miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, haƙoransa a tsuke suke, yawancin ƙafafun da ake kawowa kuwa an yi su ne don kekunan zigzag masu faɗin haƙori. Ka je da tsohuwar ƙafarka a gwada tsawo. In ka ɗaura sabuwar, juya keken da hannu a hankali ka ga allura ta faɗa tsakiyar rami kafin ka taka. Akwatin nan mai ƙafafu talatin da ake tallarsa, mafi yawansu ba su da aiki a kekenka. Ɗaya mai kyau ta fi.

Akwai kuma abin da babu ƙafar da za ta yi maka. A shimfiɗa hawa ukun a ƙasa mai tsabta, a miƙar da su, a kama su da fil ko da dogon ɗinkin hannu, sannan a fara daga tsakiya ana fita gefe. In auduga ce a ciki, kada tazarar layi ta wuce yatsa uku. Faiba tana jure faɗin tafin hannu. Soso mai kaurin katifa kuwa ba aikin ƙaramin keke ba ne, kada a tilasta masa.

Magana ta gaba da ɗan nauyi, amma dole in faɗe ta. Wanda ya karɓi kuɗin faiba ya cusa tsumma, ko ya rage layi don ya gama da wuri alhali ya san abin ba zai jure ba, wannan ya wuce rashin iyawa, ya zama algus, kuma kowa ya san matsayin algus a addini. Abin da ke cikin bargo mai saye ba ya gani, amanarka ce. Mu masu saye ma muna da namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Za a kawo aiki saura kwana uku ɗaurin aure, a taya shi kuɗin da ko yadin bai biya ba, sannan a ce ana son na gani na faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma araha ba ta ado. In za ki karɓi bargo, Hajiya, juya bayansa, ja ɗinkin kaɗan, ɗaga shi a rana ki ga ko cikon ya bazu daidai, ki tambayi abin da aka sa a ciki.

Abin da nake jin tsoro shi ne kasuwar ta kuɓuce mana. Dilolin gwanjo suna nan, na kanti 'yan waje suna nan. Duk uwar da aka ɓata wa kayan 'yarta sau ɗaya, badi can za ta nufa, kuma ba ita kaɗai za ta tafi ba. Wa zai yi asara? Matasanmu masu shago, da zawarawa da matan aure da keken nan ne cefanensu da kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Don haka ina roƙon abu uku. Telolin unguwa su ware safiya ɗaya a mako ta wanke keke, a sa yara masu koyo su yi da hannunsu. Waɗanda ƙarfinsu bai kai ba su haɗa kuɗi su sayi ƙafa mai tafiya su riƙa karɓa-karɓa. Na uku kuma ga magada. Sau da yawa in aka kira mu rabon gado, sai a nuna keken marigayiya a bayan ɗaki, ruwa ya dake shi, a ce a ba 'yan jari-bola su auna a kilo. Don Allah a daina. A kira mai gyara ya duba tukuna, a yi masa kuɗi na gaskiya. Sau tari kananzir da mai da sabon bel kawai yake nema, ya ci gaba da ciyar da wani gida.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana abin yi.