Wani a Tafe Ya Kwana

Wata ranar Asabar ɗan yayata ya ja ni zuwa zauren wani otal a Wuse 2, wai in zo in ji abin da ke canza wa matasa rayuwa. Shi ya saya mana tikiti daga ɗan abin da yake samu a rumfarsa ta POS, ya kuma rantse ba zai karɓi ko kwabo a hannuna ba. Muka samu zaure cike, yawanci samari da 'yan mata da ba su jima da gama bautar ƙasa ba, kowa da littafin rubutu a cinya. Aka rage fitilu, aka bar haske ɗaya a kan dandamali. Mai jawabi ya fito da 'yar makirufo maƙale a gefen kunci, ba takarda a hannunsa. Ya iya magana, ba zan tauye masa wannan ba. Ya ba da labarin yadda ya taso ba takalmi a ƙafa, ya san inda zai sassauta murya da inda zai ɗaga ta. Can ya iso kan abin da ya kira sirrin manya: duk wanda ka ga ya yi nasara a duniya, in ji shi, ƙarfe biyar na asuba yake tashi, ya motsa jiki, ya yi nazari, ya yi karatu kafin sauran mutane su farka.

Na waiwaya na ga yaron nan ya sunkuya yana rubuta maganar, har da ja mata layi biyu a ƙasa.

Shi kuwa tun ƙarfe huɗu yake tashi. A Masaka yake kwana, a Wuse yake neman abinci. Duk wanda ya san hanyar Keffi zuwa Abuja ya san in gari ya waye maka ba ka wuce Mararaba da gadar Nyanya ba, to sai ka share awa biyu kana kallon bayan motar da ke gabanka kafin ka ga mahaɗar AYA. Saboda haka yakan yi wanka cikin duhu, ya fito titi ana tururuwar neman mota, sau da yawa a wani ɗan masallacin bakin hanya sallar asuba take riskarsa. Ba ya komawa ɗaki sai bayan isha'i. Wannan shi ne wanda aka tara ana koya wa sammako. Hausawa sun ce in kana taƙama da sammako, wani a tafe ya kwana.

Muna hanyar komawa, mun matsu mu huɗu a bayan mota, ya daɗe bai ce uffan ba. Sai wajen Kugbo ya juyo ya ce, "Kawu, ashe ni ne matsalar kaina. Ba ni da tsari." Wannan magana ita ta hana ni barci a daren, ita ce kuma ta sa ni wannan rubutu.

Salon nan da ya cika zaurukan Abuja yana da asali. A 1984 aka fara taron TED a Kalifoniya ta Amurka. A 2006 suka fara sa jawabansu a intanet kyauta, a 2009 kuma suka ba mutane damar shirya irinsa a garuruwansu da sunan TEDx, har ya iso mana nan, ga TEDxMaitama nan. Ƙa'idarsu ita ce kada mai magana ya wuce minti 18. Daga can masu shirya tarukanmu suka ɗauko hasken nan guda ɗaya, da tsayuwa ba mumbari, da buɗe jawabi da labarin wahalar yarinta. Maganar ƙarfe biyar ma ba ta mai jawabinmu ba ce. Robin Sharma, ɗan ƙasar Kanada, ya yi littafi guda a kanta a 2018, inda ya kasa awar farko ta yini gida uku, minti ashirin-ashirin. Ga wanda yake da wuta ba yankewa, da famfo mai zuba, da jirgin ƙasa da ke zuwa kan lokaci, shawara ce mai kyau. An ɗinka rigar ne daidai jikin wasu, aka kawo mana ita ba a ko rage hannu ba.

Ban raina wannan fage ba. Na amfana da shi. Jawabin da Chimamanda Ngozi Adichie ta yi a 2009 kan haɗarin sanin mutane ta labari guda tak, har yau ina tura wa yara shi. Kuma akwai alheri ɗaya babba da waɗannan tarukan suka yi mana: sun sa an fara kiran ciwon damuwa da sunansa a bainar jama'a. Da can matar da ta haihu ta kasa barci, ta kasa cin abinci, tana kuka ba dalili, sai a ce iska ce ko rashin tawakkali. Ƙasar nan ta yi ta aiki da dokar mahaukata ta 1958 har sai farkon 2023 da aka sanar shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A irin wannan ƙasa, budurwar da ta tsaya gaban ɗaruruwan mutane ta ce ta taɓa shiga wannan hali, ta ga likita, ta samu sauƙi, ta yi aikin lada. Na ga ana share hawaye a irin wannan zama, kuma na san ba na banza ba ne.

Amma abin da Chimamanda ta yi gargaɗi a kai shi ne ya zama jarin masu jawaban ƙarfafa gwiwa. Labari ɗaya suke da shi: na sha wuya, na canza tunani, na yi arziki, kai ma canza naka. Ba a faɗin baffan da ya yi waya aka ba da kwangilar farko. Ba a faɗin mutum ɗari da suka canza tunanin, suka tashi biyar ɗin, jarin ya karye duk da haka, domin su ba a gayyatarsu dandamali. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a gidajen man Abuja. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ka ɗauki masinja ko mai shara a Sakatariyar Tarayya da ke kwana a Suleja ko Masaka, ka cire masa kuɗin mota na wata, ka cire haya, ka ga abin da ya saura. Da wace fuska za ka dube shi ka ce tunaninsa ne ya talauta shi? An gina birnin nan yadda masu yi masa hidima ba za su iya kwana a cikinsa ba, sannan a sayar musu da tikiti a gaya musu laifinsu ne.

Akwai kuma matsalar minti 18 ita kanta. Gajeren lokaci yana son magana mai santsi, gaskiya kuwa sau da yawa tana da gargada. A 2012 wata malamar jami'ar Harvard, Amy Cuddy, ta yi jawabin da miliyoyin mutane suka kalla, cewa in ka tsaya ka buɗe ƙirji ka riƙe ƙugu na minti biyu, sinadaran jikinka za su canza. Mutum 42 aka yi gwajin farko da su. A 2015 wasu masana suka maimaita shi da mutum 200 ba su ga canjin sinadaran ba, a 2016 kuma Dana Carney, wadda suka yi binciken farko tare, ta fito ta ce ita kanta ba ta ƙara yarda da shi ba. Amma na ji da kunnena ana koyar da wannan tsayuwa a wani taron horar da masu neman aiki a Garki, shekaru bayan ɗaya daga cikin masu ita ta janye. Jawabi yana da ƙafa, gyaransa ba shi da ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali dai wani ne. Kusan kowane taro sai ka ji an ce: rabu da mutanen da ke ja da kai baya, yanke hulɗa da masu guba, zauna da waɗanda suka fi ka kawai. A zauren nan na Wuse 2 an yi wa wannan magana tafi fiye da kowace. Na zauna ina lissafa su wane ne masu jan ɗan yayata baya. Mahaifiyarsa da ke jiran ɗan aike ƙarshen wata. Ƙanwarsa da yake biya wa kuɗin jarrabawa. Abokinsa na ƙuruciya da ya sauka a ɗakinsa wata uku yana neman aiki. To ai shi ma haka ya zo Abuja, da jaka ɗaya, ya sauka a falona. Jarin POS ɗin nan kuɗin adashin innarsa ne, ta ba shi kwasarta ta haƙura da gyaran rufin ɗakinta. Ranar da 'yan wan-cans, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja a mota, suka kwashe shi suka raba shi da waya da kuɗin ciniki, 'yan unguwa ne suka yi masa karo-karo ya koma rumfa. A ƙasar da ba albashin zaman banza, inshorar lafiya kuma ba ta kai ga yawancin mutane ba, dangi da maƙwabta su ne asusun ko-ta-kwana. Wanda ya ce wa matashi ya datse wannan igiya bai san zurfin rijiyar da yake rataye a kanta ba.

Na san akwai dangin da ke tatsar mutum har ya bushe, akwai abokin da rabuwa da shi ibada ce. Wannan sai an zauna da mutum an san halin da yake ciki kafin a ba shi shawara, ba daga kan dandamali ba.

Su kansu Turawan da ake ara wa magana sun kai ga abin da kakanninmu suka sani. Tun 1938 jami'ar Harvard take bin rayuwar maza 724, wasu ɗalibanta, wasu yaran unguwannin talakawa na Boston, daga samartaka har tsufa. A 2015 shugaban binciken, Robert Waldinger, ya tsaya a wani taron TEDx ya faɗi abin da suka gano bayan shekara 75: kyakkyawar dangantaka da mutane ita ta fi tsare lafiya da kwanciyar rai, fiye da dukiya da suna. Wato zumunci. Jawabin nan yana cikin waɗanda aka fi kallo, amma ban cika jin masu zaurukanmu suna ɗauko shi ba, wataƙila don ba ya sa mutum ya ji gobe zai zama attajiri.

Mu ma ai muna da namu ilimin gina mutum, kuma ba jiya aka fara ba. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, da ya yi nazarin wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki a farkon shekarun 1970, ya tattaro halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya, kusan babu wanda za ka iya yi kai kaɗai a ɗaki. Sai da wani a gabanka ake riƙon amana, sai da baƙo ake karamci. Hanyar koyarwar ma daban take. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajis ta naɗa, mata dattijai da ke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su koyar, su sake dawowa. Malamin da zai dawo gobe ba ya yi maka alkawarin da ba zai cika ba, domin zai haɗa ido da kai. Ko a Abujar yau, tafsirin watan azumi a Babban Masallacin Ƙasa ko a masallacin An-Noor na Wuse 2 kusan wata guda ake yi ana komawa, ana aika tambaya a rubuce, kuma ba a sayar da tikiti. Ba ina cewa mumbarinmu ba shi da nasa aibu ba. Sau nawa aka toshe bakin wanda aka zalunta da kalmar haƙuri, sau nawa aka sallami mai ciwon damuwa da cewa ya ƙara imani. Amma aƙalla can ba a raba mutum da mutanensa.

Abin da nake roƙon masu wannan sana'a, kuma da zuciya ɗaya nake roƙo domin matasa suna sauraronsu fiye da yadda suke sauraronmu, shi ne su san wanda ke zaune gabansu. Su tambayi daga ina ya taso da safen nan. Su faɗi wanda ya riƙe musu tsani, da suna ko ba suna. In magana ta kai inda laifin na gwamnati ne, su ce na gwamnati ne, kada su juye wa yaro shi a ka. Su kuma fito daga Maitama da Wuse su zo Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, su yi magana da Hausa da Gbagyi da Turancin kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ga an yi hakan, shi ya sa na san mai yiwuwa ne. A wata makarantar Islamiyya a unguwarmu, bayan la'asar ranar Lahadi, wata hajiya da ta yi ritaya daga aikin banki takan zauna da masu ƙananan sana'o'i a kan benci. Allo ne da alli, sai fanka ɗaya da ke aiki in an kawo wuta. Na tura ɗan yayata. Ta sa ya kawo littafin cinikinsa, ta ɗora tabarau, ta bi shi shafi-shafi da yatsa. Ta nuna masa yana haɗa uwar kuɗi da riba a aljihu ɗaya, kuma bashin da yake bin mutane ya kusa rabin jarinsa. Da ya ce mata yana tunanin daina aika wa mahaifiyarsa kuɗi sai ya tsaya da ƙafarsa, sai ta cire tabarau ta ce, "A'a ɗana. Ka yanka mata abin da za ka iya duk wata, ka gaya mata adadin, ka rubuta shi a nan kamar kuɗin haya." Ta kuma tambaye shi awa nawa yake barci. Ya ce huɗu, wani lokaci biyar. Ta ce ranar Lahadi in ya yi sallar asuba ya koma ya kwanta, kuma ya dawo mata da littafin bayan mako biyu.