Duhu da Tagumi a Hoton Fuska: Sharhi a kan Fahimtar Masu Kallo a Kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan wani nau'in hoto da masu fasaha ke ji da shi, wato hoton fuskar mutum wanda aka rage wa haske da gangan, aka bar rabinta cikin inuwa, don ya tayar wa mai kallo da tunani ko juyayi. Tambayarmu ita ce: shin abin da mai ɗauka ya nufa shi ne abin da mai kallo yake gani? Za mu dubi al'amarin ta fuskar mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, domin masuntan madatsar ruwa ta Tiga, da masu haƙar kuza na Riruwai, da makiyayan gefen dajin Falgore, irinsu ne mai neman hoton fasaha yakan so ya ɗauka.

2.0 Asalin Salon

Wannan salo gado ne daga masu zane na Turai, musamman Rembrandt na ƙasar Holan (1606 zuwa 1669), wanda ya shahara wajen fito da fuska daga cikin duhu. A Ingila kuwa, Julia Margaret Cameron ta shigo da irin wannan yanayi cikin ɗaukar hoto tun wajen 1864. Abin lura shi ne, masu sana'ar hoto na zamaninta da yawa sun ɗauki dishi-dishin hotunanta a kan rashin gwaninta. Ashe ko a mahaifar salon sai da aka koya wa ido ganinsa. Saboda haka kuskure ne a ce rashin wayewa ne ya sa mutumin Ƙiru ya ƙi shi.

3.0 Yadda Bahaushe Ke Karanta Hoto

A waɗannan garuruwa an saba da hoto ta hanyoyi sanannu: na Sallah, na biki, na fasfon aikin Hajji, na katin shaida, da na 'yan takara. Dukkansu aikinsu ɗaya ne, su nuna wane ne wannan, kuma wane matsayi gare shi. Daga nan ne ma'auni uku suka fito.

Na farko, haske. In fuska ba ta fito tangaram ba, sai a ce hoton bai yi ba, ko mai hoton bai iya ba. Wanda ya ci ado ya biya kuɗinsa yana so a ga aikin rigarsa da karin hularsa. Inuwar da mai fasaha ke gani a matsayin zurfin tunani, shi a wurinsa tauye haƙƙi ce.

Na biyu, rashin murmushi. A nan ne baƙon mai kallo ya fi yin tuntuɓe. Dattijon da ya tsaya gaban kyamara fuska a ɗaure ba baƙin ciki yake nunawa ba; kamala ce da kwarjini. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri da kunya da mutunci cikin halayen da ake yabo. Fuskar da ta ɓoye abin da ke zuci ita ce fuskar waɗannan halaye. Haka nan budurwar da ta sunkuyar da kai, kunya take yi, amma ana iya kai hotonta wani ɗakin nuni a Legas ko Landan a fassara shi da danniya.

Na uku, tagumi. Mai fasaha yana sha'awar hannu a kumatu domin alamar tunani ce a wurinsa. Bahaushe kuwa hana yara tagumi yake yi, domin yana danganta shi da maraici da rashi. Don haka tambayar farko da irin wannan hoto zai jawo a Tudun Wada ita ce, wa ya rasu?

4.0 Darasi daga Bamako

Tarihin Seydou Keïta na ƙasar Mali ya isa misali. Ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutane da hasken rana, yana wanke musu ƙananan hotuna su kai gida. A 1991 aka nuna wasu daga cikinsu a birnin New York ba tare da an ambaci sunansa ba. Bayan an gano shi, sai aka riƙa wanke su manya-manya, baƙin ya ƙara ƙarfi, ana rataye su a ɗakunan nuni na Turai. Mutanen da ke ciki ba su sauya ba, amma ma'anar ta sauya: abin da aka yi don dangi ya koma kayan kallon baƙi. Roland Barthes, a littafinsa na 1980 kan hoto, ya bambanta abin da al'ada ke sa mutum ya fahimta da abin da ke sukar zuciyarsa shi kaɗai. Mu dai muna ganin cewa ko wannan sukar, al'ada ce ke wasa mata tsini.

5.0 Kammalawa

Ba muna cewa a daina wannan salo ba ne. Yana da amfani wajen nuna gajiyar manomi da tsufan uwa, abubuwan da hoton Sallah ke rufewa. Amma muna da hukunci biyu. Na ɗaya, hoton da aka sanya wa duhu don kawai talauci ya fi saye a idon baƙo ya gaza, komai kyan tsarinsa, domin ya ɗora wa mutum baƙin cikin da ba nasa ba. Na biyu, wajibi ne mai ɗauka ya koma ya nuna wa mai fuskar hotonsa, ya ji ta bakinsa kafin ya kai shi bainar jama'a. Yanzu da wayar hannu ta kai kowane ƙauye, babu uzurin ƙin yin haka. Muna kira ga manazarta al'ada su tattara kalmomin da jama'ar wannan yanki ke amfani da su wajen yabon hoto da kushe shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma daga bakinsu ne za mu gina ma'aunin tarken hoto na Hausa.