Ɗan Ludo Mai Fuska 20: Nazari Kan Wasan Shiga-Labari

A wata majalisa da muke zama bayan la'asar a Barnawa, cikin garin Kaduna, wani tsohon malamina na adabi ya leƙa kwamfutata. Ya ga mutum huɗu da takubba suna tsaye gaban wata mata mai maciji, sai ga ɗan ludo ya bayyana a tsakiyar allo yana juyawa. Ya girgiza kai ya ce, "Kai ma, da girmanka? Ai wannan ya haɗa laifi uku: caca, tsafi da ɓata lokaci." Na ce, "Allah ya gafarta malam, a yi mini afuwa." Ba a ja-in-ja da malami a gaban jama'a, don haka na ajiye amsata sai yau.

Wanda ya san gidajen gem na Sabon Tasha, Television, Narayi da Kakuri ya san ƙwallo ce sarauniya. Yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya ɗauki Madrid ko Barcelona, minti goma an tashi. Masu irin wasan da nake karewa 'yan tsiraru ne, yawancinsu ɗalibai da masu gyaran waya, kowa a ɗakinsa da kwamfutarsa 'yar Beljiyam. Suna kiransa RPG. Ni na fi son in ce wasan shiga-labari, domin abin da ake yi ke nan: ka ƙirƙiri mutum, ka raɗa masa suna, ka zaɓar masa sana'a, jarumi ko ɓarawo ko matsafi ko mawaƙi, sannan ka shiga labari da shi, duk abin da ya faɗa ko ya aikata daga gare ka ne.

Tarihinsa gajere ne. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Babu kwamfuta a ciki. Abokai ne ke zagaye tebur da takarda da fensir, ɗaya yana jan labari, sauran suna faɗin abin da mutanensu za su yi, ɗan ludo yana raba gardama. A 1988 aka sa dokokinsa cikin kwamfuta a Pool of Radiance. A 1998 kamfanin BioWare na Kanada, wanda likitoci suka kafa, ya fitar da Baldur's Gate a faifan CD biyar, na biyunsa ya biyo baya a 2000. Sai a Agustan 2023 na ukun ya fito daga kamfanin Larian, a kan dokokin wasan teburin, bugu na biyar na 2014, ya kuma lashe kyautar gwarzon wasa ta wannan shekara. Abin dariya, Larian a Beljiyam yake, ƙasar da muka laƙaba wa kayan gwanjo sunanta. Wannan karon sabo dal ta aiko mana.

Laifi biyu daga cikin ukun malam ba za su ɗauke ni lokaci ba. Zargin tsafi tsoho ne, an yi shi a Amurka cikin shekarun 1980, har wata mata mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, kuma a nan Kaduna ma ana jin irinsa daga bakin mai zuwa coci da mai zuwa masallaci. Amma malamin da ya koyar da ni Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Iliya Ɗanmaiƙarfi, littattafan da aljanu da dodanni ke yawo a cikinsu, bai taɓa cewa sun mayar da ɗalibi boka ba. Ɓata lokaci kuwa ya danganta ga mai lokacin. Wanda ya bar aikinsa don gem da wanda ya bar shi don hirar shayi, laifinsu ɗaya.

Batun ɗan ludo shi ne ya cancanci a zauna a kansa, domin a ganina shi ne zuciyar wannan fanni. Hukuncin addini a kansa aikin malamai ne. Abin da zan iya shaida shi ne ba a sa ko kwabo, ba a cin na kowa. Mai neman caca ya san shagunanta a bakin titi. Tambayata ta adabi ce: mene ne aikin wannan ƙwaya a cikin labari?

Ga yadda take aiki. Fuskokinta 20 ne, maimakon shida na ludon da muke neman siki a kansa. Duk lokacin da mutuminka zai gwada abin da ba shi da tabbas, buɗe kwaɗo ko tsallake rami ko lallashin mai gadi, wasan zai sa lamba. A ce 15 ce. Idan mutuminka mai daɗin baki ne, ana ƙara masa, a ce 3. Ke nan kana bukatar ƙwaya ta ba da 12 ko sama, wato fuska 9 cikin 20, kashi 45 cikin ɗari. Idan yanayi ya ba ka rinjaye, ƙwaya biyu za a jefa ka ɗauki babbar, sai damar ta haura kusan kashi 70. A Baldur's Gate 3, abokiyar tafiyarka Shadowheart tana iya ƙara maka daga 1 zuwa 4 da addu'arta. Duk wannan shiri naka ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma a wannan wasan, in ƙwaya ta faɗi a kan 1 ka faɗi komai gwanintarka, in ta faɗi a kan 20 ka ci komai wautarka. Gwani yana da kashi 5 na kunya, wawa yana da kashi 5 na sa'a. Duk wanda ya taɓa neman aiki a garin nan ya san wannan lissafi ba ƙarya ba ne.

Yanzu mu koma wurin matar nan mai maciji da malam ya gani. A farkon Baldur's Gate 3 akwai wani kurmi da wasu masu bautar daji ke tsaro. 'Yan gudun hijira, mutane masu ƙaho da wutsiya da aka koro daga birnin Elturel, sun fake a cikinsa, ga mahara a waje. Shugaban kurmin, Halsin, yana hannun abokan gaba, wadda ta riƙe masa kujera, Kagha, ta ƙudura sai ta kori baƙin ta rufe ƙofa da tsafi. Wata yarinya cikin baƙin, Arabella, ta sace gunkin da ake tsafin da shi don a fasa korarsu. An kama ta. Kana shiga sai ka tarar da ita gaban Kagha, maciji na fasa kai kusa da ita, iyayenta na waje an hana su shiga.

Dubi yadda aka gina wurin. Da farko an ba ka zaɓi, har da zaɓin yin shiru. Shirun ma magana ce, kuma wasan zai riƙe maka ita. In ka zaɓi ka roƙa, ba a wuce kai tsaye zuwa sakamako. Komai sai ya tsaya, fuskokin mutane su dushe, ƙwaya ta cika allo, lambar da ake nema tana samanta, ƙarin da ka tanada yana ƙasa. Ba za ta motsa ba sai ka taɓa ta da hannunka. Wannan 'yar tsayawar ita ce gwanintar. Marubucin littafi yana iya sa gabanka ya faɗi, amma a can ƙasan zuciyarka ka san ya riga ya rubuta shafi na gaba. Ɗan fim ma haka, jarumi ba ya mutuwa kafin a tashi. A nan kuwa an rubuta shafuka biyu, kuma marubucin kansa bai san wanda za ka karanta ba.

In ka ci, an saki yarinya, ta koma ga iyayenta, kuma bayan sa'o'i masu yawa na wasa za ka sake haɗuwa da ita a wata ƙasa mai duhu, da nata labarin. In ka faɗi, tsoro ya sa ta zabura, maciji ya sare ta, ta mutu a gabanka. Wasan bai ƙare ba, ba a rubuta maka cewa ka yi asara ka sake ba. Ƙofa tana buɗe, kuma hanyar fita ta gaban iyayenta take bi. Ni a karona na farko 4 na jefa. Na daɗe ina kallon allo kafin na iya tura mutumina waje.

Ban ga wurin da ya kamata a fahimci wannan fage kamar kudancin garin Kaduna ba. Wanda ya yi wayo a lokacin rikicin Fabrairun 2000 ko na Nuwamban 2002 ya ga yadda mutane suka ɗauki kaya a ka suka tsallaka gada, waɗannan suka yi arewa, waɗancan suka yi kudu, har kogi ya zama iyaka. A cikin gidaje da yawa akwai labarin maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabci, da na wanda ya tsaya a ƙofa ya roƙi matasa. Wani an ji roƙonsa, wani ba a ji ba, alhali niyyarsu ɗaya. Labarin da ke cewa mai kyakkyawar niyya kullum yana cin nasara, labarin yara ne. Ƙwayar nan ta fi shi gaskiya.

Shi ya sa nake adawa da ɗabi'ar da ta zama ruwan dare tsakaninmu, wato sebin da lodin. Ka adana wasa kafin ka jefa, in ta ɓaci ka koma baya, ka yi ta jefawa har ta yi daidai. Na san inda muka samo ta. Wutar NEPA ce ta koya mana danna F5 kowane minti biyu, don kada a ɗauke wuta aikin awa guda ya bi ruwa. Amma garkuwar ta zama hanyar maguɗi. Mai lodin ya ga shafi ɗaya ne kawai, mafi sauƙi, ya bar wanda marubuta suka fi shan wahala a kansa. Wasan ma ya tanadi halastacciyar hanya: in ka yi abin da ya dace da halin mutuminka, ana ba ka damar sake jefawa, ba ka tara fiye da huɗu. Daga baya Larian ya ƙara wani mataki mai wurin adanawa ɗaya tak, inda bakin alƙalami ke bushewa da zarar ƙwaya ta tsaya. Disco Elysium na 2019, wanda wasu 'yan Estoniya suka gina a kan wasan teburinsu, ya raba gwajinsa gida biyu: fari ana iya sakewa, ja sau ɗaya ne. Mafi daɗin wurarensa suna bayan jan gwajin da aka faɗi.

Tsofaffin 'yan wasa za su ce Baldur's Gate II ya fi. Mugunsa, Irenicus, ya fi tsoratarwa, na yarda. Amma ƙwayarsa a ɓoye take, tana aiki a fagen yaƙi, hira kuwa zaɓi ne kawai daga jeri. Masu cewa wasan ya cika surutu, a koma ga sara da suka irin na Diablo, ba mu da abin tattaunawa da su. Mai son gudu ga ƙwallo can.

Inda nake son malam ya saurare ni da kyau shi ne nan. Wannan fanni ba baƙo ba ne a gidanmu, tatsuniya ce ta je ƙetare ta dawo da sabuwar riga. Ku tuna kaka a tsakar gida da dare: tana canza murya in ta zo kan Gizo, tana tsayawa in yaro ya yi tambaya, tana ƙara wa Dodo tsawo in ta ga ido ya fara lumshewa. Labarin na daren jiya da na yau ba su taɓa zama ɗaya ba, domin masu sauraro suna da hannu a ciki. Bugun littafi ya adana mana tatsuniya, amma ya daskarar da ita. Mai jan labari a teburin Gygax aikin kaka yake yi, abin da ya ƙara kawai shi ne ya miƙa wa kowane yaro mutum ɗaya, ya kuma ba ƙwaya ikon da a da yake hannun kaka ita kaɗai. Kwamfuta kuwa kaka ce mai ƙarancin dabara. Abin da aka zuba mata kawai take da shi, in ka zo da wayon da marubutan ba su hango ba, sai ta yi maka shiru.

Wannan ya sa ban damu ƙwarai da tsadar abin ba. Gaskiya ne Baldur's Gate 3 yana neman wuri kusan gigabait 150 da kwamfuta mai ƙarfi, abin da ya fi ƙarfin aljihun yawancin matasan Kakuri tun da masaƙu suka rufe. Na 1998 da aka sabunta yana hawa wayar Android. Amma asalin wasan ba ya bukatar ko batir. Tabarma, takarda, fensir da 'yan ludo sun isa. Kayan labari kuwa muna da su jibge: Bayajida da macijin rijiyar Kusugu, ganuwar Amina, ayarin fatake a hanyar Gwanja, ga kuma masu karanta littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda tuni suka saba da takobi da aljani. Abin da ya rage shi ne marubucin da zai yarda ya rubuta shafi biyu a inda ya saba rubuta ɗaya, ya kuma yi wa shafin faɗuwa adalci.

Don haka, Allah ya gafarta malam, ga roƙona. Ranar Asabar mai zuwa zan zo majalisa ba tare da kwamfuta ba. Zan kawo takarda da ƙwaya, mu huɗu mu zama fatake, kai ka ja mana labarin, tunda babu wanda ya fi ka sanin hanyar. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ƙwaya ta faɗa, ba a sakewa.